Wayar Hannu da Gawon Ƙofar Gida

Ya ku iyaye, akwai tambaya guda wadda ake yawan yi mana, mu malaman makarantar ekklisiya a nan Dutsin-Ma, wani lokaci a ƙofar ɗakin sujada bayan an tashi, wani lokaci a ranar taron iyaye da malamai. Tambayar ita ce, "Malam, yaron nan ya dame ni in ba shi wayata, wai zai koyi kimiyya a ciki. In ba shi ne, ko in hana?" Ba mu cika son amsawa a tsaitsaye ba, gama maganar tana da tsawo. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta abin da muka gani, domin wanda ke Kurfi ko wani gari mai nisa shi ma ya ji.

Bari mu fara da abin da ya fi damunmu. Yaran da muke koyarwa yau sun san dabbobin da mu ba mu ko ji labarinsu ba sa'ad da muke kamarsu. Sun ga dabbar teku wadda ta fi babbar mota girma. Sun ga tsuntsun ƙasar ƙanƙara mai tafiya a tsaye kamar mutumin da ya sa baƙar kwat. Duk a waya suka gani, ba laifi kuwa. Amma ka fita da su filin makaranta, ka dafa wani itace ka ce, "Wannan fa, mene ne sunansa?" sai a yi tsit. Darbejiya da mangwaro kam sun sani. Gawo da bagaruwa kuwa duk ƙaya ce a wurinsu. Kanya da marke duk itace ne. In tsuntsu ya wuce, to, tsuntsu ne kawai, sai fa kurciya.

Ba laifin yaran ba ne. Mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, daji ne ya koya mana kafin mu riƙe alli. Muna kiwon awaki, muna tsintar magarya da kurna da aduwa, muna sanin wace kanya ce mai zaƙi, wace ce mai bauri. 'Yan'uwanmu mata suna zuwa itace, suna tsinko tafasa da yaɗiya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan darasi, amma kafin yaro ya shekara goma ya riƙe sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye masu yawa, ya san lokacin kowanne. Wannan makaranta ce aka rufe wa 'ya'yanmu. Kun san abin da 'yan bindiga suka jawo wa ƙasar nan daga wajen dajin Rugu. Kun tuna daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kamar mako guda, amma tun daga nan wane uba ne zai bar ɗansa ya yi nisa da gari? Ko a lokacin da aka sami sauƙi, tsoron bai gama fita daga zuciyar iyaye ba. Mu ma da kanmu mun daina fita da aji yawon duba daji. Yaro yana gida, waya tana gida, sai suka haɗu.

To, ga amsarmu a taƙaice, sauran maganar duka bayani ne a kanta. Ku ba shi, amma ku zauna tare da shi, ku kuma lura da inda wayar take kai shi. In ta sa ya tashi ya fita tsakar gida ya duba wani abu da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya zo yana tambayarku, ta yi aikinta. In kuwa ta zaunar da shi a ɗaki daga wannan bidiyo zuwa wancan har cajin ya ƙare, to, kallo ya yi, ko da an rubuta kimiyya a kan bidiyon.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Waɗansu daga cikin dattawanmu sun tuna littafin nan *Ikon Allah*, wanda Dokta East da Alhaji Abubakar Imam suka wallafa a Zariya a 1949, labarin halitta iri iri da Hausa tsantsa. Abin da ya sa ya shiga ran waɗanda suka karanta shi, ya yi musu magana da harshensu, da sunayen da suka sani, har mutum ya ajiye littafin ya dubi abin da ya saba gani kullum da sabon ido. Da wannan ma'auni muke gwada kowace manhaja da ake kawo mana. Kaɗan ne ke haye wa.

Wadda ta fi burge mu ita ce ta taurari, sunanta Stellarium. Kyauta ce, in kuma an sauke ta sau ɗaya, ba ta ƙara neman data. Kana ɗaga waya sama, sai ta nuna maka taurarin da ke wannan gefe da sunayensu. Mun fi son ta domin sama ce kaɗai dajin da ba a rufe mana ba. Daga kan tabarma a tsakar gida ana ganinta, ranar da aka ɗauke wuta ma ta fi kyau.

Ga abin da za ku gwada. Ku tambayi yaro ya nemo Zara, matar wata, tauraruwar nan mai haske da kan fito yamma bayan faɗuwar rana. Waya za ta ce masa sunanta Venus. Sa'an nan ku ba shi labarin Gamzaki mai fitowa gabas da asuba, wanda fatake da manoma suke tashi da shi. Ku matsa kwanan wata a cikin manhajar gaba da 'yan watanni, ya bi Zara da ido. Zai ga tana ƙara kusantar rana kullum har ta ɓace, sa'an nan ta ɓullo ta gabas da asuba. Ashe Zara ita ce Gamzaki! Abu ɗaya ne da suna biyu, duniya ce kamar tamu mai kewaya rana, tana yin wajen wata 8 a yamma, ta ɓuya, ta yi wajen wata 8 a gabas. Shi ya sa ba a taɓa ganin su biyun a dare ɗaya da cikakken haskensu ba. Mun nuna wa manya wannan, waɗansu suka yi ta gardama sai da suka bi da idonsu wata da watanni. Mu kuwa gardamar ce ta fi yi mana daɗi, domin mai gardama yakan fita ya duba.

Haka kuma kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cunkushe wuri ɗaya. Da hunturu ana ganinsu da daddare a sama sosai. Wajen watan Mayu sai su ɓace, a watan Yuni su sake fitowa da asuba. Tsofaffin manoma sun san wannan tun ba a yi waya ba, suna kuma haɗa shi da lissafin damina. Yaron da ya ji daga bakin kakansa, ya kuma ga dalilin a waya, wato rana ce ta shiga tsakaninmu da su, ya riƙe abu biyu a hannu ɗaya.

Mu da muka kai shekara arba'in muna da wani abu da za mu ba yaranmu wanda waya ba ta da shi. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi husufi cikakke a ƙasar nan tamu. Inuwar wata ta bi ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa ta Gusau da Katsina, ta haura Nijar. Kun tuna yadda gari ya yi duhu na 'yan mintoci, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mata suna kiran 'ya'yansu. Ku mayar da kwanan watan manhajar zuwa wannan rana, yaro zai ga wata yana rufe rana a hankali kamar murfin tukunya. Ku gaya masa inda kuke tsaye a lokacin, da abin da kuka ji a ranku. Zai tambaya yaya ƙaramin wata ya rufe babbar rana. Amsar ita ce, rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, amma ta fi shi nisa da mu wajen sau 400, don haka a idonmu girmansu ɗaya. Ya miƙa babban yatsansa ya rufe hasumiyar masallaci ko tankin ruwa da ke nesa, zai gane nan take. Ana sa ran wani cikakken husufin zai ratsa Nijeriya ranar 20 ga Maris 2034, ta kudu wannan karon, mu nan za mu ga rana ta ɓantare kawai. Ku ja musu kunne tun yanzu, ba a duban rana da ido tsirara, ko da husufi ko babu.

Akwai ɗaya kuma da ba ya bukatar kome sai sanda. Sau biyu a shekara, wajen 23 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kan Dutsin-Ma. A kafa taɓarya a tsaye cak a tsakar gida, wajen ƙarfe sha biyu da rabi inuwarta za ta shige ƙarƙashinta, ta ɓace. Yaran Ingila ba za su taɓa ganin wannan a ƙasarsu ba, sai dai su kalla a bidiyo kamar yadda namu suke kallon ƙanƙara.

Mu sauko ƙasa. Akwai manhajojin da ake ɗaukar hoton ganye ko fure ko ƙwaro, su faɗi sunansa. Waɗanda muka gwada su ne Seek da Pl@ntNet, da Merlin ta tsuntsaye, wadda Jami'ar Cornell ta Amurka ta yi. Suna da amfani, amma ku san abu biyu. Na fari, sukan yi kuskure a nan, domin da hotunan Turai da Amurka aka fi horar da su. Kada yaro ya ci wani ganye ko 'ya'yan itace don waya ta ce ana ci. Na biyu, in sun faɗi daidai ma, da Turanci ko Latin suke faɗa. Yaro ya nuna wa waya gawo, ta ce masa *Faidherbia albida*. Ya haddace, ya ji daɗi, amma bai san kome ba tukuna.

A nan ne kaka take shigowa. Mukan aiki yara gida da ganye a cikin littafi, mu ce, "Je ka tambayi Inna ko Kaka sunansa, da abin da ake yi da shi." Abin da suke dawowa da shi yakan fi abin da ke waya yawa. Kaka za ta ce gawo itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa ne: da damina, sa'ad da kowa ke yin ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa, da rani kuma ya yi kore shar. Za ta ce gero da dawa sun fi kyau a gindinsa, awaki kuma suna ƙiba da 'ya'yansa. Sa'an nan mu malamai mu ƙara dalili: ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, ba ya tare wa amfanin gona rana, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda ta wake da ta gyaɗa ke yi. Ku tuge wake guda a gona, ku nuna wa yaro 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar. A cikinsu ne ƙananan halittu suke zaune suna kamo abincin shuka daga iska. Ai kun ga ilimin takin zamani ke nan, a tafin hannu.

Sunayen nan namu ba abin rainawa ba ne. Tun a 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya ga darajarsu har ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga littafi, masana suna amfani da shi har yau. Abin kunya ne a ce baƙo ya rubuta su, jikokin masu su kuma su manta. Kada kuma a ce sanin itace ba ya ciyar da mutum. A Maraɗi, maƙwabtanmu, tun 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan manyan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙasa. Manoma suka fara barin toho biyu uku suna gyara su. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya a Nijar sun kai wajen miliyan 200. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Duk abin ya faro ne daga mutum ɗaya da ya sunkuya ya dubi ganye ya gane shi.

Tsuntsaye su ma suna zuwa har gida. Kowa ya san shamuwa tana sauka gab da damina, ta yi sheƙa a tsamiya ko kukar cikin gari, ba mai taɓa ta. Amma ku tambayi yaro ina take zuwa bayan kaka. A nan waya tana da abin faɗi: taswira za ta nuna masa tana tsallake tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda ake damina sa'ad da mu muke rani. Bin ruwa take yi, domin fara da tsutsa take ci. Yaron da ya gane wannan ya gane cewa damina ba ƙarewa take yi ba, ƙaura take yi. Ku kuma tambaye shi yaushe rabon da ya ga ungulu. Da muna yara, mahauta ba ta rabuwa da su, har korarsu ake yi. Yanzu yara da yawa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. A 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu kama su don sayar wa 'yan magani. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda a 2015 ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya duka. Masu sa kai ne ke yin aikin, kowa yana rubuta abin da ya gani a yankinsa ta waya ya aika. Yaron da ya iya rabe balbela da zalɓe, shirwa da shaho, cilakowa da carki, in ya girma kaɗan zai iya shiga irin wannan aiki daga nan garinmu.

Yanzu ga abin da ya shafi lafiya, muna roƙon iyaye mata su karanta wannan sashe da kyau. Madatsar ruwan Zobe, wadda aka gama a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari a kan kogin Karaduwa, da ƙaramin dam na cikin gari, da kududdufan damina, duk albarka ne, amma tsayayyen ruwa yana da nasa. Shekara da shekaru muna gaya wa yara kada su yi wanka a kududdufi, suna jinmu kamar iska. Ranar da muka nuna musu wani gajeren bidiyo na yadda tsargiya take yawo, sa'an nan muka ajiye musu 'yan katantanwar ruwa a kwalba a kan tebur, ajin ya yi shiru. Suka ga yadda ƙwan tsutsar yake fita cikin fitsarin mai ciwon ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin katantanwa ya hayayyafa, sa'an nan 'ya'yan su fito su huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, su je su zauna a jijiyoyin mafitsara. Jan fitsarin nan da waɗansu ke cewa alamar girma ce ko zafin rana, jini ne. Akwai maganinsa a asibiti, ƙwaya ce mai suna praziquantel. Bayan darasin, waɗansu yara suka biyo mu a ɓoye suka ce, "Malam, ni ma ina gani." Muka aika wa iyayensu. Bidiyon kaɗai da bai yi wannan ba, katantanwar kaɗai ma haka.

Na sauro ya fi sauƙi. A ɗebo ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya ko fasasshen tulu, mai 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil, a zuba a kwalba, a ɗaure bakin da ƙyalle. Yaro ya riƙa dubawa kowace safiya yana zanawa. Cikin mako guda ko kwana goma zai tarar da sauro yana shawagi a cikin kwalbar. Daga ranar ba sai kun ce masa ya kifar da gwangwanayen tsakar gida ba, shi zai dame ku.

Don darussan aji kuma akwai wurare. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF sun buɗe Nigeria Learning Passport a Maris 2022, akwai darussa a ciki da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Akwai PhET ta Jami'ar Kolorado, wadda wani masani mai lambar Nobel, Carl Wieman, ya kafa a 2002, inda yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo ya ga wuta ta kama. Tana da kyau ga makaranta irin tamu wadda ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, amma bayan ya yi a allo, a ba shi batirin tocila da guntun waya ya yi na gaske. Wikipedia ta Hausa ma tana nan tana ƙaruwa, ko da yake waɗansu shafukan Hausarsu ta inji ce, sai ka karanta sau uku ba ka gane ba.

Shawara ɗaya muke nanatawa: duk abin da za a iya saukewa a ajiye cikin waya, a sauke. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba sa bukatar a gaya musu dalili. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da yawa na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da namu biyun, ba a buɗe ba sai a Disamba. Wata uku mutane suna hawa mota zuwa Katsina don su kira 'yan'uwansu. A wannan lokaci duk wani darasi da ke rataye a intanet ya tafi. Abin da ya rage mana shi ne wanda muka riga muka sauke, da taurari, da kwalbar sauro, da tsofaffi. Ban da haka ma, data kuɗi ce, caji kuɗi ne, a gida mai 'ya'ya shida kuma waya ɗaya ce. Gara a sauke bidiyo uku masu kyau a kalla tare sau biyar, da a bar yaro ya cinye kuɗin cefane cikin dare ɗaya.

Kada mu ɓoye muku ɓarnar. Wayar da ke nuna taurari ita ce ke nuna abin da ba ku so ɗanku ya gani, tsakaninsu taɓawar yatsa ɗaya ce. YouTube da TikTok an gina su ne don kada mai kallo ya tashi, wannan na ƙarewa wancan na farawa. Akwai kuma ƙarya da yawa mai sanye da rigar kimiyya: hotunan dabbobin da ba a taɓa halitta ba waɗanda kwamfuta ta ƙaga, da masu cewa a haɗa kaza da kaza a sha a warke daga kowace cuta. Babba ma yakan ruɗu, balle yaro. Mukan koya wa namu tambaya biyu: wa ya faɗa, kuma yaya za mu gwada? Wanda ya saba kafa taɓarya ya auna inuwa da kansa ba ya saurin haɗiye duk abin da aka tura masa. Wannan halin ne kuma zai yi masa amfani in Allah ya kai shi makarantar kimiyya ta garin nan, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko Jami'ar Tarayya da aka kafa mana a 2011. Hadda takan kai yaro ƙofar waɗannan wurare, amma a ciki ana neman wanda ya iya dubawa.

Wani uba zai ce, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Baba, kai ne ka san ƙuduji, ka san gonar da ya kama ba ta yin dawa. Waya za ta gaya wa ɗanka cewa irinsa ƙanana ne kamar ƙura, suna kwance a ƙasa shekaru suna jira, ba sa tsirowa sai sun ji saiwar dawa ko gero kusa, sa'an nan su manne mata su tsotse. Kai kuma za ka kai shi gona ka tona ka nuna masa inda ya manne. Ka gaya masa dalilin da ya sa ake tuge shi tun bai yi 'ya'ya ba. Rabin darasin yana hannunka, shi ne ma rabin da ya fi wuyar samu.

Abu ɗaya kuma da muka lura da shi, ba ma jin daɗinsa. In waya ta shigo gida, hannun 'ya'ya maza take faɗawa. Yarinya tana wanke-wanke, tana goyon ƙane, in ta gama an kashe. Alhali a ajinmu sau da yawa 'yan mata ne suka fi haƙurin dubawa da tsabtar zane. Uwargida, ki sa baki. In za a duba Zara, a jira ta ɗauraye hannu ta zo.

Ku saya wa kowane yaro littafin rubutu guda mai arha, ya zama nasa na duba halitta. Ya rubuta kwanan wata, da abin da ya gani, da sunansa na Hausa, sa'an nan na Turanci in an samu. Ranar ruwan fari. Ranar da shinge ya fito. Ranar da gawon ƙofar gida ya fara zubar da ganye. A yanke bakin gorar roba a kafa ta a fili, ya riƙa auna ruwan da ya sauka da rula. Namu sun fara, sun kuma sa mana wata gardama da ba mu iya rabawa ba: na Kurfi sun ce shamuwa a garinsu take fara sauka, na Dutsin-Ma sun ce tun da daga kudu take tahowa, dole ta riga isowa nan. Saboda haka muna roƙon masu karatu na Malumfashi da Kafur da Funtuwa da Katsina, har da na Maraɗi in mujallar nan tana kai musu, duk yaron da ya ga shamuwar fari a bazara mai zuwa ya rubuta ranar da sunan garinsu, ya aiko mana ta hannun Edita.